Tudu da Gangare a Idon Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau, ya wuce Mairuwa da Sheme da 'Yankara, zai lura cewa ƙasar kudancin Jihar Katsina ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar faifai. Tudu na bin fadama, fadama na bin tudu, can kuma sai ga dutse ya yi tsiri shi kaɗai a tsakiyar gonaki. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna zaune ne a kan tsohon dutsen da ya zama harsashin tsakiyar ƙasar Hausa, galibin garuruwansu kuwa suna tsakanin mita 500 zuwa 700 a sama da fuskar teku. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga. Ruwan saman da take samu yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, wani wuri ya haura, wani ya gaza, kuma kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata biyar.

A irin wannan ƙasa, sanin inda wuri yake ba ya wadatar da manomi ko injiniya. Sai an san wane wuri ya fi wani tudu, kuma da nawa. Wannan shi ke nuna inda za a sa kwalbati, da gefen da lambatun gari zai zubar, da gonar da ruwan madatsa zai kai wa da kansa da wadda sai an sa inji. A da safiyo kaɗai ke iya faɗa, da na'urarsa mai ƙafa uku da sandarsa mai zane. Yau kuwa duk mai babbar wayar salula yana iya tsayawa a bakin gonarsa ya karanta lambobi uku. Biyu na farko suna nuna matsayinsa a kan taswira, wato arewa da gabas, na uku kuma tsayin wurin. Da yake ukun suna fitowa a jere, jama'a kan ɗauka ƙarfinsu ɗaya. Alhali kuwa na ukun gurgu ne a cikinsu, kuma gurguntarsa takan shafi sauran biyun.

Yadda na'ura ke gano wuri

Tsarin GPS na ƙasar Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka bayyana kammaluwarsa a 1995. An tsara shi da taurari 24, ko da yake masu aiki sukan kai 30 ko fiye kaɗan. Suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Rasha tana da nata mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, ƙasar Sin kuma BeiDou, wayoyin yanzu da yawa kuwa suna sauraron dukkansu.

Waɗannan taurari ba sa ganin kowa, ba su ma san mai sauraronsu ba. Aikin kowanne shi ne ya yi ta shela ta igiyar rediyo, yana faɗin inda yake da ainihin lokacin da ya yi shelar. Na'urar da ke hannun mutum ita ke yin lissafi. Yaron da ya ga walƙiya, ya ƙirga daƙiƙa uku kafin ya ji tsawa, ya san aradun ta faɗi a nisan kimanin kilomita ɗaya, domin sauti yana cin mita 340 a daƙiƙa. Haka na'urar ke yi, tana auna nisa daga jinkirin saƙo. Sai dai saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka yakan iso ƙasa cikin kimanin kashi 7 cikin ɗari na daƙiƙa. Idan aka yi kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an yi kuskuren mita 300 ke nan.

Taurarin suna ɗauke da agogunan atom masu matuƙar tsada. Wayar salula kuwa agogonta bai fi na ɗaurawa a hannu inganci ba. Saboda haka abubuwa huɗu ne na'urar ba ta sani ba: arewa, gabas, tsayi, da kuskuren agogonta. Ɗalibin lissafi ya san cewa ɓoyayyun lambobi huɗu sai da jimlolin lissafi huɗu, shi ya sa ake bukatar taurari huɗu a ƙalla. Mai karatu ya riƙe maganar agogon nan, domin a kanta matsalar tsayi ta rataya.

Abin da ya sa tsayi ya fi gardama

A ɗauka mutum yana tsaye a filin makaranta a Sabuwa, akwai tauraro ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Idan ya matsa gabas da mita goma, zai kusanci na gabas, ya ƙara nisa da na yamma. Lamba ɗaya ta ragu, ɗaya ta ƙaru. Babu kuskuren agogon da zai iya haifar da irin wannan, domin agogon da ya yi gaba ko baya yakan ƙara wa dukkan awon abu ɗaya ne, ko ya rage musu abu ɗaya. Na'urar za ta gane nan take cewa motsi aka yi. Haka abin yake tsakanin kudu da arewa. Taurarin da ke fuskantar juna suna zama shaidu a kan juna.

To, a ɗauka kuma mutumin hawa ya yi, ya ɗaga sama da mita goma. Yanzu ya kusanci na gabas, ya kusanci na yamma, ya kusanci na tsakiyar kansa. Duk awon ya ragu tare. Shaidar da za ta ce “ni ya ƙara nisa da ni” tana can ƙarƙashin ƙafarsa, a ɗaya gefen duniya, inda saƙonta ba ya iya ratso ƙasa. Rabin taurarin da suka kamata su yi shaida a kan tsayi a ɓoye suke ko da yaushe. Raguwar awo gaba ɗaya kuwa ita ce ainihin alamar kuskuren agogo. Hawan mita goma da zamewar agogo da kashi 33 cikin biliyan na daƙiƙa sun yi kama ƙwarai a wurin na'urar.

Abu ɗaya ke raba su. Hawan mita goma yana rage nisan tauraron da ke tsakiyar kai da mita goma cif. Wanda ya ɗaga daga gefen sama da digiri 30, mita biyar kawai nisansa zai ragu. Wanda ke digiri 10 kuwa bai kai mita biyu ba. Daga wannan bambanci na'urar ke tsamo tsayi, wato tana bukatar taurarin sama da na ƙasa-ƙasa a lokaci guda. Ga kuma inda gizo ke saƙar: taurarin ƙasa-ƙasan nan su ne mafi raunin shaida. Saƙonsu ne ke ratsa iska mafi kauri, su ne dutse da kuka da dogon gini ke tarewa, har masu awo sukan umarci na'ura ta yi watsi da duk wanda bai ɗaga da digiri 10 ko 15 ba. Wanda ya tsaya a gindin ɗaya daga duwatsun Faskari ya rasa wani yanki na sama ɗungurungum. Ƙari a kan haka, saƙon yakan bugi jikin dutsen ko rufin kwano ya dawo, ya iso a makare, na'urar ta ɗauka hanyar da ya biyo miƙaƙƙiya ce.

Sakamakon duk wannan shi ne kuskuren tsayi yakan ninka na gefe sau ɗaya da rabi zuwa sau uku. Masu tsarin sun san da haka tun farko. A shekarun 1990, lokacin da sojan Amurka ke gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, alƙawarin da suka yi shi ne kuskuren gefe ba zai wuce mita 100 ba a mafi yawan lokaci, na tsayi kuwa mita 156. An daina gurɓatawar a watan Mayu na 2000, lambobin suka sauko ƙwarai, amma ratar da ke tsakaninsu ta tsaya, domin ita daga siffar duniya take. Wayar yau a buɗaɗɗen fili takan yi kuskuren kimanin mita 5 a gefe, a tsayi kuma mita 10 ba abin mamaki ba ne.

Iskar da saƙo ke ratsawa

Iskar da ake shaƙa tana rage wa saƙon gudu. Ga tauraron da ke tsakiyar kai, jinkirin ya yi daidai da ƙarin nisan mita biyu da 'yan kai, ga wanda ke dab da gefen sama kuwa yakan ninka haka sau goma. Mafi yawan wannan ana iya lissafa shi a cire. Abin da ke wahalarwa shi ne rabon tururin ruwa, wanda a tsakiyar hunturu ba ya wuce 'yan santimita, amma a watan Agusta yana iya kai santimita 30 ko fiye. Mai waya ba zai ji wannan ba. Safiyo mai neman santimita shi ke ji a jikinsa, kuma a lambar tsayi abin ke taruwa.

Can sama kuma, daga wajen kilomita 50 zuwa 1,000, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cika shi da cajin lantarki. Jinkirin da yake jawowa yana kamawa daga 'yan mitoci zuwa gomman mitoci. Dabarar gyara da aka saka a saƙon GPS don ƙananan na'urori kimanin rabinsa kawai take cirewa, sai na'urar da ke sauraron zango biyu ce ke iya kawar da kusan dukkansa. Arewacin Nijeriya yana da rabo na musamman a nan, domin layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta cikinsa. A irin wannan yanki sashen nan mai caji yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajen watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, ya sa saƙon ya yi ta kyaftawa kamar fitilar da iska ke kaɗawa. Abin yakan tsananta a shekarun da rana ta fi tashin hankali, wanda ke zagayowa kusan kowace shekara 11, kamar yadda aka gani a 2024. Idan saƙon tauraro ɗaya ko biyu ya tsinke, shaidu sun ragu, tsayi ne kuma ke fara tangaɗi.

Daga ina ake fara ƙirga?

Ko da a ce na'urar ba ta yi kuskuren komai ba, akwai sauran rina a kaba. Tsayi daga ina? Duniya ba ƙwallo ba ce sosai. Ta ɗan baje a tsakiya kamar kabewa: daga cibiyarta zuwa layin da ya raba ta biyu kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa 6,357. Masana sun zana wani dunƙule mai santsi da lissafi, mai suna WGS 84, wanda ya kwaikwayi wannan siffa. Daga fatar wannan dunƙule GPS ke auna tsayi.

Ruwa kuwa bai san dunƙulen lissafi ba. Abin da yake bi shi ne jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, kuma jan nan ba daidai yake ko'ina ba, saboda duwatsun cikin ƙasa wani wuri sun fi nauyi. Da za a haƙa magudanai daga teku su ratsa ƙarƙashin nahiyoyi, fuskar ruwan da zai kwanta a cikinsu za ta kasance mai tudu da kwari a hankali. Wannan shimfiɗar teku ita ce mafarin tsayin da ke kan taswira. A kudu da Indiya ta nutse ƙasa da dunƙulen lissafi da fiye da mita 100, a wajen tsibirin Niyu Gini ta haura shi da kusan mita 85. A mafi yawan Nijeriya tana sama da shi da kimanin mita 20. Ma'ana, wurin da taswira ta ce yana mita 600, GPS zai ce yana wajen 620, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Wasu wayoyi da manhajoji suna cire bambancin kafin su nuna lamba, wasu ba sa cirewa, kuma ba kasafai suke faɗa ba.

Tsayin da ke kan tsofaffin taswirorin ƙasar nan daga matsakaicin ruwan teku a Legas aka ɗauko shi. Safiyoyi ne suka yi ta tura shi arewa da na'urar daidaita tsayi, zango bayan zango, suna barin alamun siminti da ƙarfe a gefen hanyoyi da layin dogo. Injiniyan da ya ɗauki tsayin bakin madatsa daga irin wannan alama, ya ɗauki na gonar da za a shayar daga waya, ya haɗa mudu biyu ne a ciniki ɗaya.

Yadda kuskuren ke tsallakawa gefe

Wani zai ce shi iyakar gonarsa kawai yake nema, ba ruwansa da tsayi. Akwai hanyoyin da kuskuren ke biyo shi duk da haka.

Idan taurari uku kawai na'ura ke ji, kamar a cikin kurmi ko a tsakanin duwatsu, takan ɗauki tsayin da ta sani na ƙarshe ta ce shi ne, sannan ta nemo arewa da gabas a kansa. Na'urar da aka kashe a Legas, dab da fuskar teku, aka kunna a Ƙanƙara cikin irin wannan hali, za ta fara lissafi da kuskuren ɗaruruwan mitoci a tsayi, ta zubar da shi a gefe, ta sa mutum a gonar da ba tasa ba. Yawan taurarin yau ya rage aukuwar haka, amma bai kawar da ita ba.

Hanyar da ta fi shafar wannan yanki ita ce ta hotuna. Taurarin ɗaukar hoto daban suke da na GPS. Irinsu ne NigeriaSat-2 da aka harba a 2011, mai iya bambance abin da ya kai mita biyu da rabi. Ba kullum irin waɗannan taurari ke kallon ƙasa daga tsaye ba, sau da yawa a karkace suke ɗauka. Duk wanda ya dubi rumbu daga gefe ta sama ya san kansa yakan rufe ƙasar da ke bayansa. Haka tudu ke jirkicewa a hoto, ya bar mazauninsa na gaskiya. Kafin hoto ya zama taswira sai an mayar da kowane ɗigo wurinsa, kuma ba a iya yin haka sai an san tsayinsa. Idan an ɗauki hoton a karkace da digiri 30, kuskuren mita 10 a tsayi yana ture wuri gefe da kusan mita 6. Dutse mai mita 100 da aka ɗauka fili ne, ƙolinsa zai kauce da mita 58.

Bayanan tsayin da aka fi amfani da su kyauta sun fito ne daga awon da kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairu na 2000. An saki na Afirka mai tazarar mita 30 a 2014. Burin aikin shi ne kada kuskure ya wuce mita 16, kuma a fili yakan yi kyau fiye da haka. Amma lamba ɗaya ce ke wakiltar kowane fili mai mita 30 a kowane gefe. Ƙaramin kwazazzabo yakan ɓace a ciki, dutse mai tsini ya daddaɓe, a wurin itatuwa masu duhu kuma rada takan auna ganye maimakon ƙasa. Rashin tsaron da ya addabi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, musamman a 2019 da 2020 da shekarun da suka biyo baya, ya sa shiga daji da kayan awo ya yi wuya. A irin wannan yanayi dole a jingina ga hotuna da bayanan nesa, wato a daidai wurin da aka fi bukatar a je a tabbatar da ƙafa, nan ne tabbatarwar ta fi tsada. Taswirar da aka yi daga ofis tana da amfani wajen zaɓen inda za a duba. Ba ta isa a yanke gangaren magudana ko a raba gardamar iyaka da ita ba.

Akwai kuma ta masu awon filaye, ƙarama ce amma tana nan. Kilomita ɗaya da aka auna a tudun mita 600, idan aka sauko da ita fuskar teku don sa wa a taswira, takan ragu da santimita 9 da 'yan kai. Wanda bai san tsayinsa ba ba zai san nawa zai rage ba.

Abin da ruwa ke nema

A ɗauka za a jawo ruwa daga wata madatsa irin ta Mairuwa zuwa gonakin noman rani, aka tsara magudanar ta gangara mita ɗaya a kowace kilomita. Kuskuren wayar salula ya ninka dukkan gangaren sau goma. Da irin wannan awo ana iya haƙa magudana mai hawa tudu, a zuba siminti, a buɗe ruwa ya tsaya cik.

Masu sana'ar suna da mafita. Sukan kafa na'ura ɗaya a wurin da aka riga aka san matsayinsa, su yi yawo da ta biyu. Da yake saƙon ya ratso kusan iska ɗaya kafin ya iso gare su, kuskuren da ta zaune ta gani shi za a cire wa mai yawo. Da haka ake samun santimita ɗaya zuwa biyu a gefe, biyu zuwa uku a tsayi, muddin na'urorin ba su yi nisa da juna ba. Ofishin Babban Safiyon Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi na dindindin a 2008, a cikinsu har da ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wata a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Dukkansu suna nesa da waɗannan ƙananan hukumomi da gomman kilomitoci ko fiye, kuskure kuwa yana ƙaruwa da nisa, don haka aiki mai tsanani yana bukatar tasha a kusa. Bayan haka ma sai an juya tsayin zuwa na shimfiɗar teku, wadda ita kanta tana iya karkata da santimita ɗaya ko fiye a kilomita. Shi ya sa har yau, a aikin ruwa, ake rufewa da na'ura mai ƙafa uku da sanda mai zane.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan duka ba tare da kashe ko kwabo ba. A ajiye waya a kan dutse ɗaya a tsakiyar filin makaranta, a rubuta lambobin uku duk bayan minti biyar har awa ɗaya. A maimaita a gindin bango mai rufin kwano, a kuma maimaita bayan magariba inda hali ya yi. Digiri ɗaya na arewa kilomita 111 ne, don haka lamba ta biyar bayan ɗigo tana daidai da mita ɗaya da 'yan santimita, da ita za a juya awon gefe zuwa mita. A cire ƙaramar lamba daga babba a kowane jeri, a kwatanta. Daga nan a samo siririn tiyo mai haske irin na magina, mai tsawon mita goma, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska. Ɗalibi ɗaya ya riƙe baki ɗaya a ƙofar aji, wani ya riƙe ɗayan a bakin lambatu, kowa ya auna daga fuskar ruwan zuwa ƙasa da ma'auni. Bambancin awon biyu shi ne gangaren wurin, kuma idan an yi a natse kuskurensa ba zai wuce santimita ɗaya ba.